Jan Bargo a Ranar Fararen Zannuwa

Mu uku muka zauna a gidan nan tun ranar da na tare: ni Marcelline, da mijina Anselme, da wani matuƙin jirgin sama da ya mutu tun ba a haife mu ba. Sunansa Émilien Sarrazac. Hotonsa na rataye a falo, sama da na uwata, yana sanye da hular fata da tabarau a goshi, yana kallon duk abin da na dafa kamar bai gamsu ba.

Sarrazac wasiƙu yake ɗauka daga birnin Toulouse na nan Faransa ya ƙetare teku da su, a zamanin da jirgin sama bai fi akwatin katako mai fiffike ba. Ya rubuta littattafai uku a kan abin da ya gani daga can sama. Teku bai ci shi ba, hamada ba ta ci shi ba, sai ga shi ya faɗo daga kan tsani yana tsinkar ɓaure a bayan gidan ƙanwarsa. Wannan ɓangaren Anselme ba ya so a riƙa ambata, ni kuwa duk ranar da ya ɓata min rai sai na sayo ɓaure.

A littafinsa na biyu akwai wani babi da ya hana ƙauyuka biyu zaman lafiya. Wata safiya hazo ya rufe shi ruf yana dawowa, mai ya kusa ƙarewa, bai san gabas ba bai san yamma ba. Can hazon ya ɗan yage, sai ya hango fararen zannuwan gado an shanya su a kan ciyawa, kusa da wani coci da ke gwiwar kogi. Ya bi kogin nan har ya sauka lafiya. Ya yi shafi goma sha yana yabon matan da suka yi wankin, amma bawan Allah bai ga dama ya faɗi sunan ƙauyen ba. To, mu a Montgazel muna da coci a gwiwar kogi. Mutanen Fontarel, da ke gaba da mu kaɗan, su ma suna da nasu cocin da tasu gwiwar.

Shi ya sa duk Lahadin farko ta watan Yuni mata ke fito da zannuwansu su shimfiɗa a filin bakin kogi, mu a namu, su a nasu, kowa na leƙen na wani. A ci wake da naman agwagwa, a sha jan giya, a karanta babin, a watse da gardama. Anselme ne shugaban Ƙungiyar Masoya Sarrazac ta Montgazel tun yana aiki a gidan waya, kuma shi ya kafa dokar da ya fi alfahari da ita: fari kawai, fari tas, domin fari marubucin ya gani. Wadda ta karya doka ita za ta wanke tukwanen biki. Eulalie mai gidan burodi ta taɓa kawo zane mai 'yan furanni shuɗaye a baki, waɗanda sai ka durƙusa za ka gan su. Anselme ya durƙusa. Ta wanke tukwane har yamma, kuma har yau idan ta miƙo masa burodi sai ta zaɓo mafi ƙonewa.

Ni kam ban taɓa shimfiɗa ko tsumma ba. In wanke zane, in goge shi, sannan in kai shi ciyawa tumaki su taka, don wani mutum da ya kasa rubuta sunan gari? Anselme ya yi lallashi, ya yi fushi, ya gaji ya ƙyale ni. Matar shugaba ce kaɗai ke zuwa filin hannu rabbana, kuma ni ce ta farko a layin abinci.

Abin da kowa ya sani a Montgazel, amma ba a faɗa a gabansa, shi ne Anselme bai taɓa shiga jirgin sama ba. Mutumin da zai yi maka awa guda yana bayanin yadda gajimare ke warin ƙarfe idan ka ratsa shi, ko ƙwan lantarki zai canja sai na riƙe masa kujera, na kuma riƙe ƙafarsa ɗaya.

A bara ne na fara lura da idonsa. Sai ya miƙa hannu neman gishiri a kan farin zanen tebur ya yi ta laluba, gishirin kuwa na gabansa. Ya zuba madara a gefen kofi. Ya gai da injin wankin Eulalie da aka ajiye a bakin ƙofa, har da cire hula. Na ja shi zuwa wurin likitan ido a Toulouse, yana ta gunaguni a jirgin ƙasa. Likitan ya ce tsakiyar ganinsa ce ke cinyewa, kuma ba ta dawowa. Abu mai haske da fari shi ne ya fara ɓace masa, sauran kuma na biye. Ya ce idan akwai abin da yake so ya gani, kada ya jira wata bazarar.

A hanyar dawowa Anselme ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse. Da muka iso na naɗe farin zanen tebur na shimfiɗa mai jan zane-zane, na lura ja kam yana ganinsa sarai. Jan bargon gadonmu, wanda uwata ta ɗinka min na aure, daga bakin ƙofa yake nufarsa kai tsaye. Ranar na shiga kicin na yi kukana, na ce albasa ce, alhali miyar kabewa nake yi.

A watan Mayu ƙungiyoyin biyu, tamu da ta Fontarel, suka yi taron share fage a gidan shan kofi na dandalinmu. Anselme ya miƙe ya buɗe littafin, ya karanta babin daga farko har ƙarshe da muryar nan tasa ta coci, ko tuntuɓe bai yi ba. Aka tafa. Ni kaɗai na ga bai juya shafi ko sau ɗaya ba.

Sai Honoré Delpech ya gyara murya. Shi ne shugaban na Fontarel, tsohon mai kantin magani, gajere mai ƙaton gashin baki. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi, zuwa bikin 'yar ƙanwarsa a tsibirin Corsica, kuma tun daga nan yake magana kamar shi ya tuƙa.

"Karatu ya yi daɗi, Shugaba," in ji shi. "Sai dai mu da muka san sama, mun san gwiwar kogi daga can ba kamar daga kan gadar gidan waya take ba. Ta Montgazel ai ba gwiwa ba ce, ɗan lanƙwasa ne."

"Kai da aka zaunar kusa da banɗaki, me ka gani?" in ji Anselme.

"Na dai tashi daga ƙasa. Kai fa? Ko tsani ne, an ce sai Marcelline ta riƙe."

Aka kwashe da dariya, har da mutanenmu, munafukai. Anselme ya rufe littafin a hankali.

"Ranar zannuwa zan hau," ya ce. "Solange za ta ɗauke ni. Zan duba naku in duba namu, in sauko in gaya muku."

Kofi ya sarƙe ni. Solange ita ce ke koyar da tuƙi a ɗan filin jirgin da ke bayan gonakin masara, da wani jirgi mai kujera biyu wanda idan ya wuce ta saman gida sai ka ce keken ɗinki.

Muna shiga gida na rufe shi da faɗa. "Ka haukace ne, tsoho? Don gashin bakin Honoré za ka je ka kashe kanka?"

Ya zauna a bakin gado, ya ɗora tafin hannu a kan jan bargon. "Ba don Honoré ba ne. Tun ina saurayi nake karanta abin da wani ya gani, Marcelline. Ina so in gani da nawa idon, sau ɗaya, kafin a kashe fitilar. Tsoro kuwa ina ji."

Na daina faɗan. Amma abu ɗaya ya tsaya min a rai. Mutumin da ba ya ganin gishiri a kan tebur, ta yaya zai ga farin zane daga sama, da rana tsaka, a kan ciyawar da ta fara bushewa? Zai hau da tsoronsa, ya leƙo, ya ga fayau. Ya sauko da wannan, ya zauna da shi har ƙarshen ransa. Wannan ne ya hana ni sukuni.

Rantsuwa dai na karya ta, kuma ban ji komai ba. Na hau keke na tafi wurin Solange, na same ta a ƙarƙashin jirgin, ƙafafu kawai a waje. Na gaya mata komai. Ta fito tana goge hannu a wando.

"Zan sauko ƙasa iya yadda doka ta yarda, in zaga sau biyu," ta ce. "Amma fari a hasken rana ko ni yana kashe min ido."

"Ja fa? Ina da jan bargo."

"Inna Marcelline, bargonki daga can bai fi kan sarkin wasiƙa ba. Ki nemo abin da ya kai rabin filin ƙwallo."

Duk kwarin nan jan ƙyalle mai wannan girman guda ɗaya ne, kuma na san inda yake: labulen dandamalin zauren taro na Fontarel. Makullin zauren kuma yana aljihun wa? Na tsaya a bakin hanya na zagi Sarrazac da tsaninsa da ɓaurensa, sannan na juya keken.

Na tarar da Honoré yana ba tumatir ruwa.

"A'a! Matar Shugaba da kanta? Kin zo neman sulhu ne kafin a ji kunya?"

"Labulenku na zo aro."

"Labulen Fontarel? A kai shi ina?"

"Filin Montgazel. Ranar zannuwa."

Ya yi dariya har ruwa ya zuba masa a takalmi. "Ja? A filin Anselme? Wanda ya sa Eulalie wankin tukwane saboda fure? Madam, ko dai rabuwa kuke shirin yi?"

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa abin da likita ya ce da abin da ya faru da gishiri. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye butar, ya daɗe yana murza gashin baki.

"Ashe shi ya sa bai juya shafi ba," ya ce. "Na gani. Na zaci burga ce yake min." Ya juya baya yana duba wani tumatir da ba abin da ya same shi. "Da na sani da ban ce masa komai a kan tsani ba."

"Da ba ka ce ba, da bai samu hujjar hawa ba. Labulen nake jira."

"Zan kawo da kaina a motar surukina. Amma ki sani, wannan bai nuna Montgazel ce ba."

"Ku je ku jiƙa gwiwar kogin ku sha, kai da shi."

Ranar ta zo da rana ƙal. Solange ta ce a tashi da safe, kuma kada Anselme ya ci abu mai nauyi. Ƙungiya ta zauna a kan maganar, ta yanke cewa ba a taɓa yin wani abin kirki a Montgazel kafin cin abincin rana ba, ba kuma za a fara yau ba. Anselme ya ce shi ba zai ci ba. Aka zuba masa. Ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi don kada masu girki su ji haushi. Ya ɗanɗana faranti biyu, ya bi da cuku, yana cewa ai Sarrazac ma bai taɓa tashi da yunwa ba.

Ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza, ya rungumi littafin a ƙirji. Da zai shiga motar Solange sai ya riƙe hannuna ya fara gaya min inda takardun gida suke. Na ce ya wuce ya ba ni wuri, minti ashirin ne ba yaƙi ba.

Suna ɓacewa, motar surukin Honoré ta shigo filin da baya. Zannuwa ko'ina, fari tas, an danne kusurwoyi da duwatsu, mata na tsaye kowace a kan nata kamar mai gadin gona. Ni da Honoré muka janyo labulen muka fara warwarewa a tsakiyarsu, ƙura na tashi. Na ɗauko jan bargona daga kwandon keke na shimfiɗa a ƙarshensa.

Sai muryar Eulalie.

"Ikon Allah! Jama'a ku zo ku gani! Matar da ba ta taɓa kawo ko hankici ba! Yau ta kawo, kuma ja! Kuma da mutumin Fontarel!"

"Eulalie, kama min wancan gefen."

"In kama? Ni da na wanke tukwane saboda fure?"

"Kama, zan gaya miki daga baya. In kin ƙi kuma na daina sayen burodinki."

Ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ta kama, tana mita. Wasu ma suka kama.

Can muka ji keken ɗinkin. Ya fito ta bayan hasumiyar coci, ɗan mitsitsi, yana tangaɗi. Ya bi kogi ya nufi Fontarel, ya zaga, ya dawo. Yara na ihu, mata na kaɗa hannu. Ya zagaya mu sau ɗaya, ya sake zagayawa. Na zaci shi ke nan, sai ya karkata fiffike ya sake dawowa, ya sake, har na daina lissafi. Ina tsaye a kan bargon uwata da takalmi, abin da da tana raye sai ta mare ni, ina ɗaga hannu biyu kamar mahaukaciya ga mutumin da na san ba zai iya ganina ba.

Da motar ta dawo da su, Anselme ya fito a galabaice, rigar jana'iza ta tafi, Solange na riƙe da ita nesa da jikinta a cikin leda. Waken dai tun a sama ya amayar da shi. Mutanen Fontarel sun riga sun tsallako gada, aka kewaye shi.

"To, Shugaba? Wace gwiwar ce?"

"Faɗa musu, Anselme! Tamu ce ko ba tamu ba?"

Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya gyara tsayuwa.

"Maganar gwiwa," ya ce, "tana bukatar ƙarin bincike."

Aka yi ta ihu. Honoré, wanda a da da ya yi tsalle a kan wannan, sai ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan, lamarin ba na gaggawa ba ne. Mutanensa suka bi shi da kallo.

"Amma akwai abin da ba ya bukatar bincike," in ji Anselme, ya ɗaga murya. "An karya doka a filin nan. Wace ce?"

"Matarka!" in ji Eulalie, da daɗin da ta shekara da shekaru tana jira.

"To doka ba ta san matar shugaba ba. Tukwane."

Aka tafa, aka yi shewa, aka koma kan giya. Honoré da surukinsa suka naɗe labulensu. Na sunkuya zan ɗauki bargon, sai na ga Anselme ya riga ya kama ɗaya gefen. Muka kakkaɓe ciyawa, muka ja, muka ninka biyu, kamar yadda muke yi duk ranar wanki. Ya tako zuwa wurina da nasa kusurwoyin har hannunmu ya haɗu, bai sake ba.

"Ban ga kogi ba, Marcelline," ya ce a hankali. "Ban ga coci ba. Zannuwan ma ban gansu ba, duk fari ne fayau, sama da ƙasa, kamar hazon da ya faɗa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na ce shi ke nan, na makara. Sai ga ja. Babba, da wani ɗan ƙarami a gefensa."

"Ƙaramin ba ka gan shi ba, kar ka yi min ƙarya. Solange ta ce kan sarki ne."

"Ni da na yi rayuwata a gidan waya za a gaya wa kan sarki? Na gan shi. Na ce mata ga gidana can, ta ƙara zagayawa." Ya ƙara riƙe hannuna. "Duk shekarun nan ina ta neman sunan ƙauye. Ashe Sarrazac bai manta ba ne. Ina ruwansa da suna, shi da ya ga hanyar gida?"

Na ce ya sake min bargo kafin ya jiƙa min shi, ga mutane na kallo. Ni ma a lokacin ba na gani sosai.

Tukwanen suna da yawa, kuma waken ya kama a gindi. Eulalie ta jawo kujera ta zauna kallo da kofin giyarta. Ni na wanke, Anselme ya tsaya a gefena da tsumma yana gogewa, yana lalubo kowace tukunya da hannu idan na miƙa masa.